Tarin da Muka Cire

Shekara sittin da ɗoriya tana hawan dutsen Pijao,
buhun kofi goma sha biyu a gadon bayanta,
ayaba a kan tanti, fasinja a rataye kamar jemagu.
Babana Arcesio ya gaji jif ɗin daga kawunsa,
ni kuwa na gaji kwanciya a ƙarƙashinta
da sifana a baki.

Wata Talata ta sare.
A kwanar gonar Herminda fistin na uku ya fasa bango,
ya leƙo ya ga duniya,
baƙin mai ya biyo shi yana kuka.
Alfadarai biyu suka jawo ta gida,
Baba na biye, hula a hannu,
kamar mai rakiyar gawa.

Injin da muka samo na motar burodi ne
wadda ta kife a hanyar Calarcá.
Gas yake sha, ɗan Japan, bai taɓa gaisawa da dutse ba.
Muka ɗaga shi da sarƙa a kan turaku uku,
muka sauke a hankali, ya ƙi zama.
Yatsa biyu kacal ya hana.
Yatsa biyun nan sun ci mana kwana tara.

Wilfrido mai walda ya yanke tsoffin ƙafafu,
ya dasa sababbi a jikin shasi.
Giyabos ya ga baƙo ya ɗaure fuska:
rami huɗu suka yarda, biyu suka yi gardama,
sai da muka sassaƙa farantin ƙarfe ya shiga tsakani
kamar dattijo a rikicin gona.
Lagireto ya matsa gaba,
farfelar baya ta rasa taƙi guda,
sifirin na gaba ya karɓi ganye biyu don nauyi.
Farcena na babban yatsa yana can cikin kuloci,
ban nemi a biya ni ba.

Baba bai taɓa ko noti ɗaya ba.
Yana kan bokiti a kife, yana kallon ruwan sama.
Sau ɗaya ya buɗe baki:
“Ubaldina, hawa ba ya kashe direba,
gangara ke binne shi.”
Na ajiye komai, na koma kan burki.

Ranar tayarwa ta yi atishawa sau biyu,
ta tofar da farin hayaƙi,
sai ta kama, murya sumul, ba kakari ba shaƙewa.
Wilfrido ya jefa hularsa sama, ta faɗa cikin man gas.

Da asuba na hau dutse.
Inda da muke roƙonta da giya ɗaya,
yau a ta uku ta wuce tana hamma.
Amma kwana bayan kwana, ba kowa a bakin hanya.
Babu Herminda da tulun madara,
babu ’yan makarantar gidan Ocampo,
ko karenmu Canelo bai ɗaga kai ba.
Ashe tarinta suke jira.
Daga ƙetaren kwari suke jin sa,
su sa takalmi, su kurɓe sauran kofi, su fito daidai.
Mun yi mata magani, mun ɓatar mata da suna.

Na sauko fayau, ba fasinja ko ɗaya.
Baba ya saurara har na kashe,
ya ce, “Lafiyayyiya ce. Motar wa?”

Tsohon injin yana gindin gwaiba yanzu,
kaza ta yi ƙwai uku inda kafireto yake.
Ni kuma kullum in na kai kwanar Herminda
sai in danna ham sau biyu, in ɗan dakata,
ina koya wa dutse sabuwar murya.
Jiya yaro ɗaya ya fito da gudu,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.